Yaya da Numfashin Tsigi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, a kan gadon asibiti. Ina tsaye a gefenta, hannunta na cikin nawa, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ja mayafi ta rufe mata fuska. A ƙasan benen, a ɓangaren yara, 'yata Tsigi mai shekara bakwai tana kwance da robar iska a hanci. Abu ɗaya ne ya kwantar da su biyun, rana ɗaya, a cikin gidana. An kai ɗaya makwancinta, ɗayar kuma har yanzu likita bai ce mana komai a kanta ba sai "mu jira mu gani". A kan bencin da ke bakin ɗakin yaran nake wannan rubutu, takarda a cinya, kunnena na ga ƙofa.

Yaya, kin san ni tela ne. Almakashi na sani, alƙalami kuwa sai in zan rubuta awon kafaɗa. Da kina raye kika ga na duƙufa ina cika takarda, da kin ce, "Autan Inna, yau kuma wa ka ɓata wa yadi?" Amma dole ce ta sa. Tun kafin a dawo daga kai ki mutane suka fara faɗin abin da idonsu bai gani ba, ke kuma da bakinki kin hana ni yin shiru. Zan faɗi ko ke wace ce, in faɗi abin da ya faru, wanda ya karanta ya sa ki a addu'a.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna. Da tsintsiya da bokiti kika ciyar da ni, da su kika kai ni koyon ɗinki. Aikin shara da goge-goge kika yi a wani babban ginin ofisoshi, tun ina yaro har na yi gemu. Na san ɗakin kayan aikinku don na sha kai miki saƙo: wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, ba taga, jarkoki a jere, wasu ma takardar jikinsu ta goge ba a san mene ne a ciki ba sai an buɗe. A nan kuke tsiyayawa, a nan kuke canza kaya, a nan kuke cin abincin rana. Safar hannu in ta yage sai wani watan. Duk wanda ya leƙo sai idonsa ya kawo ruwa, ku kuwa ku yi ta masa dariya kuna cewa baƙo ne. A lokacin kowa ya yarda wuri bai wanku ba sai ya yi wa mutum yaji a hanci. Haka muka tashi muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Hancinki ne ya fara tafiya. Na tuna ranar da na shigo gidanki na tarar tukunya na ƙonewa a bayanki, ƙauri ya kai har bakin titi, ke kuwa kina zaune hankali kwance kina tsefe wa 'yarki kai. Na yi ta tsokanarki, na ce sai dai mu leƙa kasuwa mu sayo miki sabon hanci. Kika jefe ni da mataji, muka yi dariya. Dariyar ta ƙare ranar da aka haifi jikanki na fari. Aka miƙo miki shi, kika sa fuskarki a wuyansa kika daɗe, sannan kika ɗago kika ce da ni a hankali, "Ba na jin komai." Ban taɓa ganin hawayenki ba sai ranar, don ko na Inna a bayan ɗaki kika yi naki.

Daga nan sai tari, sai haki in kin hau matakala. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinki, ya duba, ya tambaye ki ko kina shan taba. Kin ce saura kaɗan ki mare shi. Da kika ba shi labarin lungun nan na ƙarƙashin matakala sai ya ajiye hoton ya ce miki huhu ya yi tabo, kuma tabon huhu ba ya gogewa. Abin da ya rage shi ne a tattala sauran. Haka kika ajiye aikin.

Da wata ce da ta zauna ta rungumi ciwonta. Ke kika koma gida kika kwashe duk wata kwalba mai yaji da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kika koma ga abin da muka ga Inna tana yi. Toka tankaɗaɗɗiya don gindin tukunya. Lemun tsami da gishiri don tsatsa da ƙarni. Ruwan khal, wato binegar nan mai tsami, don madubi da farin dattin nan da ke kama bakin famfo. Ƙasa kuwa ruwan zafi da sabulu zalla, sauran ki ce a bar wa rana ta yi aikinta. Ba ki taɓa cewa bilic haramun ne ba. Kin ce yana da ranarsa: in an yi mai amai da gudawa a gida, a ɗiga kaɗan cikin ruwa mai yawa, a buɗe taga, kuma shi kaɗai, kada a haɗa shi da komai, ko da ruwan khal ɗin naki ne. Wannan "shi kaɗai" kin faɗe ta har yaran layi suna kwaikwayonki.

Layin gaba ɗaya ya san ki. Mai lemo na bakin hanya yakan ware miki waɗanda suka bugu, ya ce na Hajiyar toka ne, ke kuma ki ce masa Allah Ya sa ya faɗa da bakin mala'iku. Duk gidan da aka yi haihuwa kina can da daro a ka, ki wanke banɗaki, ki goge ƙasa, ki shanya katifa, ki hana kowa fesa komai a inda jariri yake kwana. Wata maƙwabciya ta taɓa ce miki ita fa in ba ta ji idonta na ruwa ba, ba ta yarda ta yi tsafta ba. Kika ce, "To ai albasa ta fi kowa tsafta ke nan." Har yau matar in ta tuna sai ta yi dariya, ko jiya da ta zo gaisuwa sai da ta faɗa, tana faɗa tana kuka. Ni ma ban tsira ba. Kin shigo shagona kin ga dutsen gugana ya yi baƙi yana ɓata wa mutane fararen kaya, kika zuba gishiri a kan tsohuwar jarida kika yi ta murza shi yana da ɗumi har ya fito fes, kina yi kina yi mini gorin ƙazanta a gaban masu kawo ɗinki.

Wannan duka wasa ne a kan abin da kika tarar a gidana.

Matata, Maman Tsigi, mace ce mai neman na kanta, kuma ina alfahari da haka. Ta je ta koyi haɗa sabulun ruwa da bilic da maganin wankin masai, tana ɗurawa a robobi tana sayarwa. Sana'ar ta karɓe ta. Da ita aka yi wa yara kayan makaranta, da ita aka riƙe gida lokutan da ɗinki ya yi ƙasa. Gidan namu ciki biyu ne da falo da ɗan ɗakin ajiya, kuma ɗakin ajiyar bango ɗaya ne ya raba shi da inda Tsigi take kwana. Ita Tsigi tun haihuwa ƙarama ce, ke kika sa mata sunan, kuma da fuka ta zo duniya. In ciwon ya tashi sai ka ji ƙirjinta yana usur, kafaɗunta na ɗagawa, ƙashin wuyanta ya lotsa. Mun ɗora wa sanyi, mun ɗora wa ƙura, mun ɗora wa gado.

Ke ce kika lura. Da farko kika dai roƙi a ba ki ita ta yi hutun makaranta a wurinki. Duk hutun nan ko sau ɗaya ba a taɓa robar shaƙarta ba. Ta yi wasa, ta yi tsalle, har ta yi ɗan kumatu. Ta dawo gida ranar da uwarta take haɗi, kafin la'asar ƙirji ya soma. Sai kika zo, kika zauna a falo, kika faɗa.

Ba zan ce kin iya faɗa ba, Yaya. Gaskiyarki ba ta da sukari. Ita kuma Maman Tsigi ta ji kamar an ce ita ke kashe 'yarta, kuma daga bakin dangin miji. Ta ce, "Yaya, ke kin ajiye naki aikin, ni ma so kike in ajiye mu zauna mu ci toka?" Kika ce, "Ni ba ajiyewa na yi ba, shi ya ajiye ni. Saurari numfashina, sannan ki saurari na 'yarki." Daga ranar gaisuwa ta koma ta saman leɓe. Ni ina tsakiya, in na juya nan yayata ce, in na juya can uwar 'ya'yana ce, yarinya kuma tana ta ramewa. Na matsar da jarkokin waje, can ta bayan gidan, ruwan sama ya sa aka dawo da su. Na toshe ƙasan ƙofa da ƙyallaye, bai hana komai ba. Watannin nan duk zaman da na yi a kan keken ɗinki, ina jiran waya ta yi ƙara ne.

Abin da ya sa nake cewa babu irinki shi ne abin da kika yi bayan haka. Kin gane ba a raba mace da sana'arta da baki kawai, sai an sa mata wata a hannu. Kika zauna kina tankaɗe toka, kina busar da ɓawon lemo da ɓawon ƙwai kina dakawa, kina haɗa garin goge tukunya. Kika jiƙa ɓawon lemo a ruwan khal kika ɗura a kwalabe. Sannan da wannan ƙirjin naki kika shiga gida gida, kina tsayawa a kowace ƙofa ki jira haki ya lafa kafin ki yi sallama, kina gwada wa mata a kan tukwanensu. Duk wadda ta ce tana so, sai ki ce ba naki ba ne, na matar ƙanenki ne, a can za a riƙa saye. Ita ba ta ma sani ba. Sai gani ta yi mata suna zuwa tambayar garin toka a gidan mai bilic. Ranar ta yi fushi, ta ce kin mai da ita abin dariya. Amma na ga ta ɗauki kwalba ɗaya ta buɗe ta shinshina, ta daɗe ba ta ajiye ba.

Farkon watan nan aka kira mu daga makaranta da tsakar rana. Mun tarar da Tsigi a kan tebur ɗin malamai, leɓɓanta sun yi duhu, tana buɗe baki iska ba ta shiga. A asibiti da ta farfaɗo likita ya tambayi me muke ajiyewa a gida. Uwarta ce ta lissafa masa da bakinta, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ta zaɓa, ko sana'ar ko 'yarta. Da muka fito ba ta bi hanyar gida ba, gidanki ta nufa. Ta durƙusa a gabanki ta ce, "Yaya, na bari." Kika ɗago ta kika ce ta tashi kada ta ɓata miki ƙasa, yanzu kika goge. Kuka yi dariya da hawaye, ku biyu. Kuka sa ranar Asabar za ki zo ku kwashe kayan tare, ku wanke ɗakin ajiyar, a mai da shi wurin sabuwar sana'a.

Ina so duk mai karanta wannan ya tsaya a nan ya fahimta: matar nan ta riga ta bari. Abin da ya faru ranar Asabar ya faru ne a kan hanyar bin maganarki.

Ina shago lokacin. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji, da bakin maƙwabcinmu direba wanda ya kai ku asibiti. Ta tashi da wuri, ta so ta ba ki mamaki, ki zo ki tarar an gama don kada ki shaƙi komai. Jarkokin da ba a buɗe ba ta mayar wa mai kawo mata. Saura ragowa a gindin wasu, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Masu wannan sana'a ba sa zubar da ragowa a tsakar gida, don tana cin siminti tana kashe shuka, kuma yara na yawo ba takalmi. Sai ta kai banɗaki ta juye a rariya. Ta juye na bilic, ta juye na wankin masai a kai. A saninta haɗawa ita ce a zuba a bokiti ɗaya a juya da sanda, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara sana'ar. Zubarwa kuwa ta ɗauka zubarwa ce. Ga rariyar tun shigar damina ba ta ja sosai, abin da aka zuba ya tsaya a wuyanta, ya haɗu yana tayar da iska mai guba. Ta fita waje, can ta bayan gidan, don ta ɗauko sauran robobin.

A wannan ɗan tsakanin Tsigi ta shiga banɗakin ta turo ƙofa. Ƙofar katako ce, ruwa ya kumbura ta, in ta rufu sai babba ya sa kafaɗa.

Kika yi sallama da daronki a ka, ba a amsa ba. Duk wani mai hanci da tun daga bakin ƙofar falo ya ja da baya. Ke ba ki ji komai ba, kika shigo har tsakiya. Tari kika ji, ƙarami, a bayan ƙofar banɗaki, da ƙarar ɗan hannu yana bugun katako, sannan bugun ya tsaya. Sai a lokacin idonki ya fara yaji, kuma kin fi kowa sanin yajin nan. Maƙwabcinmu ya ce ƙarar faɗuwar daro ya fara ji, sannan muryarki kina kiran sunan Allah, sannan ƙarar ƙofa. Matar da ba ta iya hawa matakala sai ta huta, ita ta ɓalle ƙofar nan da kafaɗarta. Kika sunkuya cikin abin, kika ɗauko yarinyar daga ƙasa, kika fito da ita tsakar gida.

Da a nan kika tsaya, wataƙila da yau kina zaune kusa da ni a kan bencin nan kina yi mini faɗa. Amma Maman Tsigi ta shigo a guje, ta ga 'yarta a ƙasa, ta ruɗe, ta ɗauki bokiti ta nufi banɗakin wai za ta kora da ruwa. Kika riƙe mata zane. Ta ce kin ce mata, "Ɗauki 'yarki ku fita. Naki huhun lafiya lau yake, nawa ya riga ya lalace." Kika fizge bokitin, kika koma ciki, kika tura 'yar tagar nan ta sama da sandar goge ƙasa, kika juye ruwan, kika jawo ƙofar falo don kada abin ya kai ɗakin da ƙanin Tsigi yake barci. A bakin ƙofar gida maƙwabcin ya same ki a durƙushe.

Na ji haushinki, Yaya. Ina tsaye a kanki a asibiti ina jin kamar in girgiza ki. Wa ya ce naki huhun na zubarwa ne? Wa ya ce don abu ya tsufa ba a sonsa? Amma na san amsar da za ki ba ni, don haka na haɗiye.

Kwanakin da kika yi a kwance magana ba ta fita sai da ƙyar. Duk sanda kika buɗe ido, leɓɓanki abu ɗaya suke yi: "Tsigi fa?" In ce tana nan, ana ba ta iska. Ki lumshe ido. Ranar Talata da yamma kika ja hannuna, kika zame robar daga bakinki, na matso da kunnena. Kika ce, "Kada ka bari su ci naman yarinyar nan. Maganata ta bi." Maman Tsigi kike nufi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta mayar da robar tana yi mini faɗa. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga gare ki.

To ga shi na faɗa. Masu cewa matata ce ta kashe yayata, ku ji tsoron Allah. Wadda kuke wa kukan ita ta wanke ta da bakinta tun kafin ku fara. Tun ranar Asabar matar nan ba ta taka ƙofar gida ba. A ƙasa take kwana a gefen gadon 'yarta, abinci sai an yi da gaske take kai loma. Ba ta je wurin gaisuwa ba, ba don raini ba, don ba ta san da wane ido za ta kalli 'ya'yanki ba. Kai kuma ɗana, babban ɗan Yaya, na ga yadda ka kau da kai da ta gaishe ka a bakin ɗakin mahaifiyarka. Ban ga laifinka ba, uwa ka rasa. Amma ni kawunka ne, kuma saƙon da na faɗa a sama nata ne, ba nawa ba. In kana so ka yi fushi, yi da jarkokin da aka jera mata a lungu mara taga tun kana goye.

Sauran masu karatu, abu ɗaya nake roƙonku, kuma shi ne abin da ta ƙarar da sauran numfashinta tana roƙo. Ku duba ƙarƙashin wurin wanke-wankenku. Abin da toka da lemo da ruwan zafi za su iya, ku bar musu. Abin da ya zama dole ku ajiye, ku ajiye shi inda yaro ba ya kwana, ku yi aiki da shi taga a buɗe. In kuma za ku rabu da shi, ku tambayi wanda ya sani yadda ake yi, kada ku juye wani a kan wani, ko a bokiti ko a rariya.

Na ajiye alƙalami a nan ɗazu, don an kira ni ciki.

Likita ne da ma'aikaciyar jinya a kan gadon Tsigi. Ya ce tun safe yake rage mata iskar kaɗan kaɗan, yanzu yana so ya cire ya gani. In ta riƙe, to. In ba ta riƙe ba za a mayar, kuma za a yi maganar kai ta babban asibiti, don hakan na nufin abin ya ci ciki fiye da yadda ake fata. Uwarta ta kama ƙarfen gado da hannu biyu. Ni na rasa inda zan sa nawa hannun.

Ya zare robar. Hancinta duk ya yi shaidar inda ta zauna. Muka zuba wa ƙirjinta ido. Ya ɗaga, ya sauka. Ya daɗe kafin ya sake ɗagawa. Ta yi tari, uwarta ta zabura, likita ya ɗaga mata hannu. Ya sa abin saurarensa a bayanta, ya matsar, ya sake matsarwa, idonsa na kan 'yar na'urar da ke maƙale a yatsanta. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san duk addu'ar da kika koya mini ina yaro sai da na karanta ta, wasu na fara ban kai ƙarshe ba. Can ya miƙe, ya rataya abin saurarensa a wuya, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta riƙe." Ya ja ni gefe ya ce kada a tayar mata da hankali da komai tukuna, kuka na iya dawo da mu baya. Ya san ba ta san kin rasu ba.

Da na koma bakin gadon ta buɗe ido sosai, karon farko tun ranar Asabar. Ta kalli uwarta, ta kalle ni, ta leƙa bayana kamar tana neman wani. Ta ja iska a hankali, ta sauke, ta sake ja, ita ma tana saurarenta. Sannan da 'yar muryar da ta dushe ta ce, "Baba, ka ce wa Gwaggo ta zo ta gani. Ni kaɗai nake yi."

Na ce to. Na fito kafin ta ga fuskata.

Yaya, ga saƙon nan na isar. Ita kaɗai take yi.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da hannuwa masu faso da ƙirji mai tabo. Ka wanke ta daga kurakuranta fiye da yadda ta wanke gidajen bayinka. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Ka karɓi fitarta ta ƙarshe a matsayin shahada. Ƙamshin da Ka jarrabe ta da rashinsa a duniya, Ka musanya mata da na Aljanna, Ka haɗa ta da Inna a can. Ka ba ni abin da zan faɗa wa Tsigi ranar da likita ya ce a faɗa mata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, wanda ya yi haƙuri da ciwonta bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ga ɗanta da 'yarta da jikokinta. Ga abokan aikinta na da, waɗanda wasunsu na ji irin tarinta a ƙirjinsu da suka zo gaisuwa. Ga matan layi da ta shiga gidajensu da daro a ka. Ga Maman Tsigi, wadda ta rasa yaya a daidai lokacin da ta same ta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya haɗa kanmu a bayanta, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.